Takalmin Iska da Adashin Yaya

Ranar wata Laraba bayan sallar Isha'i Yayata ta aiko a kira ni. A gidanmu na Soron Ɗinki, idan Yaya ta tashi yaro maimakon ta buga waya, to maganar ba ta waya ba ce. Na same ta a tsakar gida kusa da kekenta na ɗinki, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Bayan mun gaisa ta yi ɗan jim, sannan ta ce, "Auta, yaron nan ne ya zo mini da wata magana." Ban tambayi wane yaro ba. 'Ya'yanta shida, amma ɗaya ne kawai ba ta kama sunansa, wato ɗan farinta.

"Wai takalmi yake so, na iska. Ni dai na san ɗan iska, na san zancen iska, amma takalmin iska ban taɓa ji ba sai a bakinsa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ƙarshen watan ita ce da kwasar adashi, naira dubu 300, kuma tun bara ta ƙudurta cewa da kuɗin za a sauya kwanon ɗakin Hajiyarmu, wanda duk damina sai an jera robobi a ƙarƙashinsa. "Kai ne ka yi boko," in ji ta. "Ka duba mini. In abin zai amfane shi, ɗakin ya jira wata shekarar." Macen da kunya ba ta barin ta ambaci sunan ɗanta, ga ta tana shirin barin mahaifiyarta a ƙarƙashin yoyo dominsa. Daga nan na san ba abin dariya aka ɗora mini ba.

Yaron shekararsa 19, lamba uku yake bugawa a wani kulob na unguwa, kuma saura mako uku a yi wani gwajin ɗaukar 'yan wasa da ya ɗora wa rai. Atisaye yake safe da yamma a filin ƙasa, irin wanda idan rani ya yi nisa bai da maraba da daɓen siminti. Washegari ya zo da wayarsa ya nuna mini hotuna: 'yan wasan Turai a kishingiɗe, ƙafafuwansu cikin wasu dogayen baƙaƙen safuna har cinya, sun kumbura kamar salka. Ya ce, "Kawu, duk wani babban ɗan wasa da wannan yake warware gajiya. Mu nan muna wasa da ƙafa a mace, su kullum tasu sabuwa." Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya tashi a inda ake iya takawa da ƙafa zuwa filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya san labarin Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce ƙasar Holan. Kowane yaro a cikin badala yana ganin tazarar da ke tsakaninsa da wannan hanya 'yar kaɗan ce, kuma idan aka ce masa tazarar abin sayarwa ce, zai gaskata.

Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, ba likita ba, don haka na ɗauki mako guda ina karatu. Abin da na fara fahimta shi ne na'urar ba ta da wani sirri. Doguwar safa ce ta yadi mai kauri da zif a gefe, an raba cikinta zuwa aljihunan iska, ga tiyo da ke haɗa ta da ƙaramin famfo. Famfon yana hura aljihun tafin ƙafa, sai na idon sawu, sai na sha-raɓa, har zuwa cinya, sannan ya saki, ya sake farawa. Duk wanda aka taɓa ɗaura wa abin awon hawan jini a dantse ya san irin matsin, kuma da ma'aunin nan ɗaya ake ƙididdige shi.

Dalilin bin wannan jeri daga ƙasa zuwa sama shi ne abin da nake koya wa ɗalibaina duk shekara. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau tudu kafin ya koma zuciya. Jijiyoyin da ke mayar da shi suna da ƙananan ƙyamare masu buɗewa sama kawai, kuma abin da ke tura jinin ta cikinsu shi ne matsawar tsokar sha-raɓa duk lokacin da mutum ya taka. Ina karanta wannan sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ya shafe shekara 40 yana ɗinki a unguwar nan da sunanta ma ya faɗi sana'arta, kuma yakan ce ranar da ya wuni a zaure yana aikin hannu a wuyan babbar riga, ƙafarsa ta fi yin nauyi a kan ranar da ya wuni yana taka keke. Muna yara muna ɗaukar maganar a matsayin santsin baki, don ai mai taka keke shi ya fi wahala. Ashe gaskiyarsa: mai taka keke yana wa jininsa famfo, mai zaman dirshan kuwa ya naɗe hanyar.

A asibiti aka haifi wannan na'ura, ba a filin ƙwallo ba. An yi ta ne domin wanda ba ya iya motsa ƙafarsa, kamar wanda aka yi wa babbar tiyata ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, saboda jinin da ya kwanta wuri ɗaya yana iya daskarewa. A can amfaninta tabbatacce ne. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya, aka wallafa a 2013, ya bi marasa lafiya 2,876 masu shanyewar ɓarin jiki: cikin waɗanda ba a sa wa na'urar ba, kashi 12.1 cikin ɗari sun sami daskarewar jini a manyan jijiyoyin ƙafa, cikin waɗanda aka sa wa kuwa kashi 8.5. Har samfurin Normatec da yaron ya nuna mini, wata likita ce a Amurka, Laura Jacobs, ta ƙirƙiro shi domin masu matsalar zagayawar jini da kumburin gaɓɓai, kafin 'yan wasa su gano shi, kafin kuma kamfanin Hyperice ya saye shi a 2020.

To amma mara lafiyan da ke kwance daban, saurayin da ke gudu sau biyu a rana daban. A nan ne masu talla suke shigo da rigar aro. Kusan duk tallan da na gani cewa yake na'urar tana wanke sinadarin laktik da ke taruwa a tsoka, wai shi ne ke jawo tsamin jiki. Wannan tsohon zance ne da ilimi ya daɗe da wucewa. Laktik yana komawa daidai da kansa cikin kamar awa guda bayan an daina gudu, ko an sa takalmi ko ba a sa ba. Tsamin da ke kama mutum washegari, ya tsananta a kwana na biyu ko na uku, daga ƙananan ɓarnar da aiki ya yi wa zaren tsoka yake zuwa, tare da kumburin da jiki ke yi yayin gyara ta. Wannan gyara kuwa da barci da abinci da lokaci ake yin sa.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai an wallafa shi a 2016. An ɗauki mutanen da suka kammala tseren Western States na kilomita 161 a Kalifoniya, aka raba su uku: wasu aka yi musu tausa, wasu aka sa musu takalmin, wasu aka ce su kwanta kawai, kowa minti 20. Waɗanda aka yi wa tausa da masu takalmi sun tashi suna jin gajiyarsu ta ragu. Amma a kwanakin da suka biyo baya, ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda suka kwanta kawai ba, ko a tsamin jiki ko a saurin gudu. Da na karanta sai na tuna da Hajiya a zamanin da ni ma nake buga ƙwallon layi: ruwan zafi a kwano, tsumma, man zafi, ta gasa mini ƙwauri tana faɗa. Ina tashi sakayau, na yi barci mai daɗi. Ba zan raina wannan ba, domin ɗan wasan da ya ji daɗin jikinsa ya fi samun barci, kuma barcin magani ne. Sai dai sunan abin tausa, kuma a matsayin tausa ya kamata a yi cinikinsa.

Cinikin kuwa ba na wasa ba ne. Na kamfanin da ya yi suna yana tsakanin dala 800 zuwa 900, wato sama da naira miliyan ɗaya a canjin wancan lokacin, sa'ad da dala take kai-kawo wajen 1,500, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 71, ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da wata 16 bai taɓa ko sisi ba kafin ya haɗa kuɗin. Wannan ya fita daga lissafinmu. Saura marasa suna da ake shigowa da su, waɗanda adashin Yaya zai iya kaiwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ba kowace araha ce jabu ba, don haka na zauna na rubuta abin da zan duba a bayan wata takardar jarrabawa.

Na farko awo, kuma a wannan ba na buƙatar intanet, a gidan tela na tashi. Ana auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa diddige, da kaurin cinya. Idan safar ta yi gajere ba ta kai inda ake so ba, idan ta yi faɗi iskar yadi za ta cika ba tsoka za ta matsa ba. Sai aljihunan: huɗu ne mafi ƙaranci da ake samu a na kirki, wasu biyar, wasu takwas, amma abin da ya fi yawansu muhimmanci shi ne su hau kan juna kamar jerin kwanon rufi. Idan akwai fili tsakanin aljihu da aljihu, jini da ruwan jiki a nan za su maƙale, ƙafa ta fito da zobba. Dole kuma hurawar ta fara daga ƙasa ta yi sama. Na'urar da ke hura ko'ina lokaci guda, ko ta riga matse cinya kafin tafin ƙafa, ɗauri take yi ba tausa ba. Matsin ma ba gasa ba ne. Manyan samfuran ba sa wuce kimanin 100 zuwa 110 a ma'aunin hawan jini, amma za ka ga marar suna yana alfahari da 200 ko fiye, kamar mai tallan barkono. Alhali idan yatsu suka fara mutuwa ko suka sauya launi, an wuce gona da iri.

Sauran abubuwan na Kano ne, babu mai rubuta su a kwali. Wanda ba shi da batir ba zai yi aiki ba sai ranar da aka ga dama aka kawo wuta, ko a tashi janareta domin tausar minti 30. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka sai an karanta jikin cajarsa an tabbatar tana ɗaukar wutarmu mai ƙarfin 230. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, zama cikin yadin roba har cinya wani gumi ne na daban, kuma idan mutum goma za su riƙa sawa, sai cikinsa ya zama mai gogewa, a kuma sa dogon wando. Babbar tambayar ita ce ta gyara: ranar da tiyo ya tsage ko famfo ya tsaya, wa zai taɓa shi? Mai gyaran rediyo ko mai facin taya?

Wani ɗan kasuwa da ke tallan irinsa a waya ya yarda ya kawo mana gida mu gwada, a kan naira dubu 260. Ya zo ranar Asabar da la'asar, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye. Kafin in buɗe takardata Yaya ta riga ta ɗauki safar ta juya cikinta waje. Ta bi haɗin da farce, ta ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku, ta ce, "Wannan zif ɗin ko a jakar makaranta ba zan sa shi ba. Kuma nan liƙi ne, ba ɗinki ba." Mutumin ya ce ai iska ba ta son hujin allura, shi ya sa ake liƙewa, kuma a wannan ya fi ta gaskiya. A zancen zif kuwa bai ce komai ba.

Hajiya tana kan kujerarta tana kallo. Ta ce, "In ya gama a sa mini, ko kumburin nan ya sauka." Gabana ya faɗi, domin ban yi tunanin wannan ba sam, alhali shi ne abin da ya fi kusa da faruwa. A gidajenmu magani ba ya da mai shi. Abin da aka saya wa ɗaya, sai ya zaga kishiya da maƙwabciya da baƙon da ya zo gaisuwa. Hajiya tana da ciwon suga, tafin ƙafarta ba ya ji sosai, don haka ko na'urar ta matse ta fiye da kima ba za ta sani ba. Kuma kumburin ƙafa ba iri ɗaya ba ne. Wanda zuciyarsa ta yi rauni, idan aka turo mata ruwan ƙafa gaba ɗaya an ƙara mata kaya. Wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka tsuke, matsi zai ƙara toshe su. Mai gyambo ko ƙurji mai zafi ko karaya ba a sa masa. Mafi hatsari shi ne wanda jini ya riga ya daskare masa a jijiya, wanda sau da yawa alamarsa ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi ɗumi tana ciwo: na'urar da ke hana gudan jini samuwa, ita ce kuma za ta iya ɓamɓaro wanda ya samu ta aika shi huhu. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan sai likitanki ya ce." Ta ce dama ta san 'yan boko da rowa.

Aka zuge wa yaron zif, aka kunna. Na durƙusa ina bin aljihunan da hannu, ina jin daɗin cewa daga ƙasa suke farawa, ina ƙirga daƙiƙu kamar wani injiniya. Hankalina duk yana kan na'urar. Yaya kuwa tana can gefe, ta ba shi rabin baya kamar yadda ta saba, tana warware wani zare. Sai kawai na ji ta ce, "Auta, kashe abin nan."

Na ɗago. Yaron ya cije leɓe, gumi ya tsatstsafo masa a goshi. Ya ce, "Ba komai, Umma, haka yake yi." Ba ta amsa masa ba, ni ta ce wa, "Ta hagun. Kwana goma ke nan yana hawa matakalar soro da ta dama." Muka zare safar. Na danna tsakiyar sha-raɓarsa ta hagu da babban yatsa, sai da ya ɗaga daga tabarma. Wuri ɗaya ne, ana iya rufe shi da murfin kwalba, ga ɗan kumburi da duhun jini a ƙasansa. Gajiya ba ta zaɓar ƙafa ɗaya, balle wuri ɗaya. A nan ya faɗi gaskiya: a wani atisaye ya zabura zai tare ƙwallo, ya ji kamar an jefe shi da dutse ta baya. Bai gaya wa koci ba don kada a cire sunansa daga gwaji. Yana shan maganin kashe zafi kafin ya shiga fili, yana fatan takalmin zai ƙarasa sauran.

Mako guda ina karatu a kan famfo da aljihu da batir, ban taɓa cewa ya miƙo ƙafar in gani ba.

Ɗan kasuwar ya naɗe kayansa, muka ba shi kuɗin mai. Ranar Litinin na kai yaron wajen likitan fisiyo. Abin da ya fara yi shi ne tura mu hoto don ya tabbatar ba gudan jini ba ne, aka ga babu, alhamdu lillahi. Tsoka ce ta yage, ba gaba ɗaya ba, amma gudun kwana goma a kanta ya ƙara ɓarakar. Ya ce mako shida kafin ya koma fili, kuma sabon rauni irin wannan ba a murza shi, ko da hannu ko da inji. Na tambaye shi batun takalmin. Ya ce ba ya hana lafiyayyen ɗan wasa sawa in yana da hali, shi ma ya san masu jin daɗinsa, amma da za a ba shi kuɗin ya kashe wa wannan yaron, da takalmin ƙwallo zai fara sauyawa. Ya ɗaga wanda muka zo da shi: dogayen haƙora irin na filin ciyawa, an saya a gwanjo, ana gudu da su a kan busasshiyar ƙasa.

Gwajin ya wuce ba da shi ba. An ɗauki yara biyu daga kulob ɗinsu, ɗaya ma lamba uku ne, wanda a da shi ke zaman benci. Mako biyu yaron bai ce mini komai ba bayan gaisuwa, kuma gaisuwar ma a tsaye. Har yau ban san ko da ya lallaɓa ya buga da an ɗauke shi ba. Mai yiwuwa da an ɗauke shi, ƙafar ta ƙarasa yagewa a watan farko. Mai yiwuwa kuma da ya tsallake. Ba ni da amsar da zan ba shi a kan wannan, kuma ban yi ƙoƙarin ƙirƙiro ta ba.

Kuɗin adashin ya rabu uku. Hoto da zuwa fisiyo suka ci nasu, aka saya masa takalmi mai gajerun haƙora, ragowar ta isa rabin kwanon ɗakin Hajiya, ɓangaren da gadonta yake. Ɗaya rabin ni na ɗauka, sai albashi ya shigo.

Yanzu ya koma atisaye. Kullum da asuba ina jin sa a matakalar soro yana ɗaga dugadugai yana saukewa, yana ƙirgawa, kamar yadda likitan ya koya masa. Kocinsu ya ji labarin takardata, ya aiko a ba shi, wai suna shawarar yin karo-karo su saya wa kulob ɗin guda ɗaya mai ɗan kyau, ya zauna a hannunsa. Na ga wannan ya fi ma'ana, tunda abin minti 30 ne ba wanda zai kwana da shi. Na sake rubuta ta da kyau, na ƙara layi ɗaya a sama da jan biro: duk wanda ciwonsa yake a ƙafa ɗaya ko a wuri ɗaya, ba a sa masa sai an duba shi.

Shekaranjiya yaron ya zo ya karɓi takardar zai kai. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu. Har ya kai bakin zaure ya juyo ya ce, "Kawu, ni fa in na samu kulob sai na sayi nawa. Na miliyan ɗin." Na ce Allah ya nuna mana. Daga tsakar gida, ba tare da ta tsayar da keke ba, Yaya ta ce a gaya masa ya kawo ta ga zif ɗin tukuna.